Ciwon Haƙarƙari: Ku Ƙirga Numfashin Yaro

Ƴan'uwa na Affala da sauran garuruwan Adar, idan hunturu ya kama, ƙura da hayaƙin murhu sukan raunana huhun yara. Sai cuta ta samu ƙofa.

Me ke kawo shi?

Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna yaɗuwa ta tari da atishawa. Wasu bakteriya ne, babbarsu ita ce numokok. Wasu kuwa birus ne, irin na mura da na baƙon dauro.

Yaya ake gane shi?

Alamominsa su ne tari, zazzaɓi da saurin numfashi. Ku bari yaro ya natsu, ku buɗe ƙirjinsa, ku ƙirga numfashinsa na minti 1. Ya yi sauri idan ya kai:

60, ga jaririn da bai cika wata 2 ba;
50, daga wata 2 zuwa wata 11;
40, daga shekara 1 zuwa shekara 5.

Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa sa'ad da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, kada ya kwana gida. Ku kai shi likita nan take.

Magani

Amoksisilin yana kashe bakteriya, amma malamin lafiya ne zai rubuta shi. Ku ba yaro har kwanakin su cika, ko da ya samu sauƙi. Tsaga da cire beli ba sa kashe ƙwayar. Mai tsanani akan tura shi babban asibitin Tawa.

Rigakafi

Nijar ta soma allurar numokok a 2014. Ku cika wa yaro alluransa, a ba shi nono zalla har wata 6. Rigakafi ya fi magani.