Filin Shawara: Abokiyar aikina za ta auri mace, ta ba ni katin biki

Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ingila. Akwai wata Baturiya da muke aikin dare tare. Ita ta riƙe ni lokacin da nake baƙuwa, ranar da ɗana ya kwanta ciwo ma ita ta karɓi aikina. Yanzu ta miƙo mini katin bikinta, kuma mace za ta aura. Addinina bai yarda da wannan ba, amma ina jin nauyinta. In na ƙi zuwa za a iya korata daga aiki? Maman Abdul.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba a korar mutum don bai je biki ba. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a muzguna wa ma'aikaci saboda addininsa, kamar yadda ta hana a muzguna masa saboda wanda yake so. Dokar da ta kare hijabinki ita ce ta kare abokiyar aikinki. Abin da zai iya jawo miki matsala shi ne habaici a ɗakin shan shayi, ko wa'azin da ba a nema ba, ko ki ce ba za ki ƙara aiki da ita ba.

Ki kuma san cewa a can wannan aure ne cikakke a idon hukuma. Tun Disamban 2005 aka fara yi wa masu jinsi ɗaya rajistar zaman tare, sannan majalisa ta halatta auren a Ingila da Wales a 2013, aka fara ɗaurawa a Maris 2014. Ba a tilasta wa masallaci ko coci ɗaura shi ba. Mu a nan gida Najeriya akasin haka muka yi: a Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Don haka kada ki kuskura hoton katin nan ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Sirrinta ne, kuma surutun da zai biyo baya ke zai dama.

Maganar zuwa kuwa, tunda zuciyarki ba ta kwanta ba, kada ki je. Amma ban da ƙaryar ciwon kai ko "an sa ni aiki ranar", ita ma tana ganin jadawalin. Ki same ta ku biyu, ki ce addininki ya hana ki halarta, ki gode mata da ta sa ki cikin mutanenta, ki ambaci ranar da ta tsaya wa ɗanki. Mai yiwuwa ta ji ciwo, kuma tana da hakkin ta ji. Kada ki yi gaggawar kare kanki. Ki ci gaba da gaishe ta, ranar da ta nemi canjin aiki ki zama ta farkon karɓa, don alherin da ta yi miki bashi ne.

Sai wata tambaya da ba ki yi ba. Kin san me ya sa masu auren jinsi suka dage sai an ba su takardar aure? A Ingila, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, abokin zamansa da babu rajista tsakaninsu ba ya cikin magada, ko da sun shekara talatin a gida ɗaya. Wannan ramin ya sha cinye matanmu. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa auren Musulunci da aka ɗaura a can ba tare da bin ƙa'idar rajista ba, ba aure ba ne a doka. In a Najeriya aka ɗaura aurenki bisa ƙa'ida, ki adana shaidarsa. In kuwa a falon wani aka ɗaura a Ingila, aka raba dabino aka watse, ki ja Baban Abdul ku je ofishin rajista cikin watan nan.