Darasi Na Goma Sha Biyu: Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi

Injin fetur yana bukatar abubuwa uku kafin ya tashi: mai, iska da wuta. Idan an murɗa makulli, inji yana juyawa sosai amma bai tashi ba, to, batir lafiya lau yake. Sau da yawa matsalar ta mai ce.

Gwanin makanike ba ya gaggawar kwance inji. Hanyar mai yake bi daki-daki. Da farko yakan duba tanki, domin allurar mai takan yi ƙarya. Sannan ya duba matatar mai, ko datti ya toshe ta. Daga nan sai ya cire tiyon da ke shiga kafireto, ya zura shi cikin kwalba, yaronsa kuma ya murɗa makulli. Idan mai bai fito ba, ko dai famfo ya lalace ko tiyo ya toshe. Idan ya fito, sai a wanke kafireto.

Hattara! Fetur ba ya wasa da wuta. Kada a ƙyasta ashana a wurin.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa inji yake bukata?
2. Don me ake fara duba tanki?