Abin Da Ke Kashe Ƙarfin Bokitin Katafila

Manoman fadamar Haɗeja sun san yadda kogi ya sāke hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Ruwa ya riƙa kwana a magudanai rani da damina, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuwa ta nuna wa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri amfanin jinga mai ƙarfi. Shi ya sa jama'a kan haɗa kuɗi su yi hayar tsohuwar katafila mai bokiti, don ta kwashe laka ta tā da jinga kafin ruwan Agusta. To, ranar da bokitin ya ƙi tashi, kuɗin haya na tafiya, kogi kuma ba ya jiran kowa.

Bokitin nan mai ne ke ɗaga shi. Famfo ke jawo man daga tanki, ya tura shi ta tiyo zuwa silinda, silinda ta ture sanda. Da an ga rauni sai a ce famfo ya mutu, alhali shi ya fi kome tsada, kuma sau da yawa ba shi da laifi. A fara da abu mai araha.

Da farko a ajiye bokiti ƙasa, a kashe inji, a duba man tanki. In ya yi ƙasa, a ƙara irin wanda maƙeran motar suka ce. In yana kumfa, famfo kuma yana kuka, iska ce ke shiga ta tiyon da ke jawo mai, sai a ɗaure bakinsa ko a sāke shi. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, abin da ya yi yawa ga motar da ke wuni cikin fadama. Wannan mai sai zubarwa, a sa sabo da sabuwar matata.

Na biyu, a lura da lokacin da raunin ke zuwa. In da safe da ƙarfi, da hantsi ya yi sanyin jiki, mai ne ke zafi ya tsinke. A share ragar da ke sanyaya shi, don audugar kacalla da ƙura kan toshe ta. In an share bai sāke ba, sa'an nan a tuhumi famfo.

Na uku, in bokiti yana tashi amma yana sauka da kansa, famfo ba shi da hannu. A ɗebi ƙasa, a ɗaga kaɗan, a kashe inji, a yi wa sandar silinda alama da alli. In bayan minti 10 alamar ta gusa sosai, robar cikin silinda ta cinye, ko bawul yana yoyo ta ciki. Haka kuma in ɗagawa da ƙarfi amma juyewa babu, laifin yana gefen juyewa, domin famfo ɗaya ke ciyar da su duka.

Direbobi da yaran mota, ku kiyaye. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama sai an tokare shi da ƙarfe. Kada a laluba yoyo da hannu, a kara kwali, gama man nan yana fita da ƙarfin da zai huda fata, har ya jawo yanke hannu. Kada kuma a ƙara ɗaure bawul mai rage matsi don neman ƙarfi, tiyo ne zai fashe.

Ɗan kasuwar da zai sayi tsohuwa, kada ya biya sai ta yi aikin awa guda ta yi zafi. Malamin ƙungiya kuwa ya riƙa rubuta awowin aiki a littafi, a sāke matata wajen awa 500, mai kuma wajen awa 2,000, ko yadda littafin motar ya faɗa. A rufe garwar mai, a goge bakin tanki kafin a zuba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya ba mu damina mai albarka.