Yadda Ake Barin Sigari da Filastar Nikotin

Tun 2006 Nijar take da dokar yaƙi da taba, amma har yau a Maraɗi mai tebur na sayar da sigari kara-kara a bakin hanya. Mai son ya bari sai ya yi shiri. Filastar nikotin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2009, tana ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ta fata, ba hayaƙi, har jiki ya saba da rashinsa.

Da farko ƙirga karan da kake sha a rana, har da wanda abokai ke miƙo maka a fada. In ya wuce 10, ana farawa da mai miligiram 21 na mako 6, sai 14 na mako 2, a ƙare da 7 na mako 2. In 10 ne ko ƙasa, 14 za ka fara da ita mako 6, sannan 7 mako 2. Mai ciwon zuciya, da mace mai ciki ko mai shayarwa, su fara ganin likita ko ma'aikacin lafiya a cibiyar lafiya ta CSI tukuna.

A farmasi za ka saya, ba a tiren mai yawo da magani cikin rana ba. In babu, ka ce a yo maka oda daga Yamai. Shawarata ka tanadi ta wata guda kafin ka sa rana, don yankewa a tsakiya ce ke mayar da mutum gun mai tebur.

Ranar da ka sa, da safe bayan wanka, ka tsane jiki sosai. Nemi wurin da ba gashi, ba ƙurji, ba ka shafa mai ba: saman dantse, ƙirji ko kafaɗa. Ɓare takardar, ka manna, ka danne da tafin hannu kamar daƙiƙa 20, ka bi gefe-gefen da yatsa, sannan ka wanke hannu. Gobe warhaka ka cire ka sa sabuwa a wani wurin, kada ka koma wurin jiya sai bayan mako. Ba a yanka ta biyu don tsimi.

Zafinmu ma abin lura ne. A Afrilu ma'auni na haura 40, kuma mai aikin lambu a fadamar Jiratawa ko ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Maraɗi da Tibiri gumi ba ya barinsa. In gefe ya ɗaga, ɗora filastar ciwo a kai. In ta faɗi, sa sabuwa. Kwalin kuwa a ɗaki mai sanyi, ba ƙarƙashin sirdin babur ba. Wadda ka cire har yanzu da sauran nikotin a jikinta, ka ninke ta ta manne ka jefar inda yaro ko akuya ba za su kai ba.

Ɗan ƙaiƙayi da ja a wurin ba komai ba ne. In mafarkai sun yi yawa ko barci ya ƙi, cire ta da dare. Amma tashin zuciya, jiri da bugun zuciya da sauri alamar nikotin ya yi yawa ne: cire nan take, ka nufi asibiti.

Abin da filasta ba ta iyawa shi ne sabon hannu da baki. Kofin shayi na farko a fada, hannu da kansa yake laluben aljihu. Kwaɗayin yakan lafa cikin ƴan mintoci, to ka sami abin yi: asawaki, ruwan sanyi, ko ka tashi ka taka zuwa bakin titi ka dawo. Faɗa wa ƴan fada ƙarara ka bari, kowa ya riƙe karansa. Makon farko, in da hali, sha shayinka a gida. In ka zame ka sha kara ɗaya, kada ka cire filastar. Ci gaba da jadawalinka, ka duba me ya ja ka, ka kauce masa gobe.