Darasi na 12: Me Ya Ɗaukaka Ƙungiyar Beatles?

Ɗalibi, da me za ka auna girman ƙungiyar makaɗa? Da daɗewarta? Dubi Ingila. Ƙungiyar Rolling Stones ta fara kiɗan rok a 1962, har yau tana nan. Ita kuwa Beatles an kafa ta a birnin Liverpool a 1960, ta watse a 1970. Duk da haka, masana da yawa ita suke sakawa a gaba.

Samarin nan huɗu da kansu suke tsara yawancin waƙoƙinsu, a zamanin da mawaƙa da dama sai an rubuta musu. Ba su kuma tsaya kan salo ɗaya ba. Ɗayansu, George Harrison, har molon Indiya mai suna sitar ya shigar cikin kiɗansu. Makaɗan baya suka bi sawunsu.

Aiki: Wanne ya fi nauyi a wurinka, daɗewa ko kawo sabon salo? Rubuta jimla uku.