Amsoshin Tambayoyinku: Sabo da Babban Iguwana

Shi iguwana, ƙaton ƙadangaren nan na Meziko da Amurka ta Kudu, an halicce shi da ido na uku a tsakar ka mai hango inuwar shaho, don haka duk hannun da ya sauko masa daga bisa, a wurinsa maƙiyi ne. Hikima ita ce ka lazimci zama kusa da kejinsa har ya saba da muryarka, sa'an nan ka miƙa masa ganye ta gefe, daga bisani ka tallafo ƙirjinsa, ban da kama wutsiya, domin takan tsinke. Al'amarin na watanni ne, sai haƙuri. Wanke hannu kuwa bayan taɓa shi wajibi ne, saboda ƙwayar salmonela.