Yadda Ake Gano Dalilin Mutuwar Injin Mota Ana Cikin Tafiya Ta Amfani Da Wayar Salula

Matsalar da ta fi wahalar da bakanike ita ce wadda take zuwa ta tafi. Mota ta mutu a tsakiyar titi, bayan minti goma ta tashi, a kai ta gareji ta yi lafiya lau. Daga nan sai a shiga canke-canke: yau a sauya fulogi, gobe famfon mai, kuɗi suna tafiya matsalar tana nan. Mafita ita ce a kama shaida a daidai lokacin da injin ya mutu, kuma wayar da ke aljihun direba za ta iya wannan aiki.

Tsira da rai tukuna

Idan inji ya mutu ana tafiya, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma zai yi tauri bayan an taka sau ɗaya ko biyu. Direba ya kunna fitilun gargaɗi, ya mayar da giya firi, ya gangara gefen hanya. Kada ya murɗa makulli zuwa ƙarshe ko ya zare shi, domin sitiyarin zai iya kullewa.

Kayan aiki

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Yawancin motocin da ake shigowa da su Najeriya da Nijar suna da ita. Ana jona mata ƙaramar na'ura mai suna ELM327, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan a buɗe manhaja kamar Torque a Android, ko Car Scanner da ke aiki a Android da iPhone. Mai iPhone ya nemi na'ura mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin tsohon samfurin Bluetooth ba ya haɗuwa da ita.

Lura da yadda motar ke mutuwa

Idan ta riƙa shaƙewa, ƙarfi ya ragu, an taka totur ba ta amsawa, sannan ta mutu, zargi ya fi karkata ga mai: famfo, filta ko gurɓataccen fetur. Idan aka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, lafiyayyen famfo yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu daga wajen tanki. Shiru na nufin a duba fiyus da rile kafin famfon kansa. Fetur ne ke sanyaya famfon, don haka yawo da tanki kusan wayam yana rage masa kwana.

Idan kuwa ta ɗauke farat ɗaya, fitilun dashbod suna kunne, ta ƙi tashi har sai ta huce, a zargi sansar karanshaf. Ita ke sanar da ƙwaƙwalwar mota juyawar inji, kuma idan saƙonta ya yanke, ƙwaƙwalwar takan tsayar da wuta da mai. A duba RPM a manhaja yayin da ake tayarwa: inji yana juyawa amma lambar tana kan 0, saƙon sansar ba ya isowa.

Idan dashbod da rediyo suka ɗauke tare da injin, musamman bayan an faɗa rami, matsalar ta wutar lantarki ce: kan batir ya saki, wayar at ta yi tsatsa, ko makunnin makulli ya ci. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, sannan 13.5 zuwa 14.5 idan inji yana aiki.

Lambobin da ke nuna hanya

P0335 tana nuni ga layin sansar karanshaf, P0340 ga na kamshaf, P0230 ga layin wutar famfon mai, P0562 kuma ga ƙarancin wuta. Lamba tana nuna layi ne gaba ɗaya, don haka a duba waya da soket kafin a sayi sabuwar sansa. A buɗe sashen Freeze Frame, inda ƙwaƙwalwar ke adana gudu da zafin inji na lokacin da ta ga matsalar, a ɗauki hotonsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne goge lambobin ko cire kan batir kafin a karanta su, wanda ke share shaidar. Famfon da ya fara gajiya kuma sau da yawa ba ya barin lamba, sai bakanike ya auna ƙarfin turin mai da geji. A wannan hali, a bar manhajar tana naɗar bayanai yayin tafiya, wayar tana hannun fasinja, sannan a kai wa bakanike abin da ta naɗa tare da bayanin zafin injin da yawan man da ke tanki a lokacin.